Sarkin Sauraro da Baƙon Tauraro

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kallon sama."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Lantana, ke kika tambaya wai duk yawan taurarin nan ba kowa a cikinsu ne, har yau ba wanda ya leƙo mu? To gyara zama.

Wani mutum ne, sunansa Jatau. Tun yana saurayi ba shi da buri sai ya ji muryar mutanen taurari. Sai mai gari ya gaji da nacinsa, ya naɗa shi Sarkin Sauraro, ya ce, "Daga yau zuwa ranar da za a yanke gero, in ba ka jiyo mana su ba, zan karɓe rawanina." Sarkin Sauraro fa! Mutumin da ko cikin barci bakinsa ba ya hutawa.

Sai Jatau ya sa maƙera suka ƙera masa ƙaton kwano, ya fi rufin ɗaki faɗi. Ya kafa shi a tsakar gida, baki sama, wai shi zai tara masa maganar taurari. Ya samo ƙaho. Kullum sai ya busa, ya ƙwala kira, "Akwai kowa a can?" Kafin amsa ta ɗauki takalminta, ya sake busawa.

Ashe kiran ya isa. Mutanen wani tauraro suka ce, "Maƙwabci na kira." Sai suka tashi wani dattijo mai ladabi, ƙafarsa yatsa uku. Ya yi tafiya, ya yi tafiya, ya iso saura kwana uku a yanke gero. Bai diro tsakar gidan mutane kamar ɓarawo ba. Ya zagayo ta ƙofar zaure, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama da 'yar siririyar muryarsa.

Tabawa, matar Jatau, tana tankaɗe, sai ta ji. Ta ce, "Maigida, kamar ana sallama."

Ya ce, "Ina magana da sama, kina kawo mini zancen zaure?" Sai ya busa ƙaho. Baƙo ya jira har rana ta take, ya koma gindin tsamiya a bayan gari.

Washegari Jatau ya shigo da dattawan gari su ga kwano. Sai gardama ta kaure a kan wa zai fara ba mutanen taurari hannu. Sarkin Pawa ya ce shi ne, Sarkin Aski ya ce sai dai bayan ransa. Baƙo ya dawo, ya yi sallama.

Tabawa ta ce, "Maigida, mai sallamar jiya ne."

Ya ce, "Ke ba ki da ido ne? Muna shirin tarbar baƙi!" Kun ji masu hankali. Baƙo ya sake komawa gindin tsamiya.

Rana ta uku tsoro ya kama Jatau, don rawani ya fara rawa a kansa. Sai ya ajiye ƙaho, ya manna kunne a gindin kwano, ya yi shiru, karo na farko tun da aka haife shi. Gida ya yi tsit. Sai sallama ta shigo tar, shi ma ya ji ta.

Tabawa ta ce, "Maigida, don Allah ka leƙa. Bawan Allahn nan kwana uku ke nan yana sallama."

Jatau ya daka tsawa, "Wane marar aikin yi ne? Ki ce ba na nan!"

Ba sai ta faɗa ba, baƙo ya ji. Sallama uku ta cika, mai ladabi kuwa ba ya yin ta huɗu. Sai ya ajiye tsarabarsa a bakin zaure, ya sa takalmi, ya kama hanya. Duk tauraron da ya biya, sai a tambaye shi, "Yaya mutanen ƙasa?" Sai ya ce, "Maigidan da bakinsa ya ce ba ya nan." Su kuma su ce, "To, mu bari sai ya dawo."

Da la'asar mai gari ya aiko aka warware rawani. Jatau ya rako ɗan aike zaure, kai ba ko hula. Sai ya ga sawu a ƙasa, yatsa uku uku, ga wani ɗan dutse yana haske kamar garwashi, ba zafi.

Ya ce, "Tabawa! Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Sau uku na faɗa. Ka ce ba ka nan."

Wallahi har ni ya ba ni tausayi. Ya ruga ya ɗauki ƙaho, yana kuka yana kira, "Ina nan! Ina nan!" Har muryarsa ta dushe, ba wanda ya amsa. Jikokinsa ma suna nan suna ta ƙera kwanuka, kowanne ya fi na baya girma.

Ƙurunƙus, kan kusu ne, ba na kowa ba. In kun yi kira, ku rufe baki ku ji amsa. Lantana, tashi ki leƙa zaure, kamar na ji motsi.