Tsohon da Ya Ƙi Mutuwa

Akwai wani mutum mai kamfanin shirya wasan kwaikwayo na talabijin. Kowace Asabar gari kan zauna ya kalli shirinsa. Yana da marubuta uku a wani ɗan ɗaki bayan ofis, su ke tsara abin da kowane ɗan wasa zai faɗa, amma ba a taɓa nuna sunansu ba.

Wata rana babbansu ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara huɗu ke nan. A sa sunanmu a ƙarshen shiri, a kuma duba albashinmu."

Mai kamfanin ya yi dariya ya ce, "Wa ke kunna talabijin don ya ga marubuci? Magana ce fa, kowa da bakinsa."

Sai suka ajiye biro, suka tafi gida.

Mai kamfanin ya tara 'yan wasa ya ce, "Kun san labarin. Kowa ya faɗi abin da ya zo masa."

To, a labarin akwai wani tsoho marar lafiya da ya kamata ya mutu a makon nan, domin 'ya'yansa biyu masu gaba su shirya a wurin makoki. Aka kwantar da mai fitowa a tsohon, aka kunna kyamara. Sai ya tashi zaune ya ce, "Na ji sauƙi!"

Mai kamfanin ya ce, "Haba Baba, kwanta ka mutu mana!"

Ya ce, "In na mutu aikina ya ƙare, in ci me? Kashe wancan, ya fi ni ƙiba."

Mai fitowa a ɓarawo ma ya ce ya daina sata, surukansa suna kallo. Mako shida ba wanda ya mutu, ba wanda ya gafarta wa wani. Mutane suka gaji, gidan talabijin ya cire shirin. Da mai kamfanin ya je biko, ya tarar wani ya riga ya ɗauke marubutan.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai kamfanin nan mu ne. Marubutan su ne bayin Allah da suke riƙe da ikilisiya ba a ganinsu. Mu mai waƙa muke tafa wa, mu tafa wa mai sabuwar riga. Wa ya share majami'a? Oho!

Yayana Irimiya ya yi shekara tara yana jera kujerun nan da kuke zaune a kai, tun raɓa ba ta bushe ba. Ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Lahadin da ta biyo bayan jana'izarsa muka zo muka tsaya cirko-cirko, har wani dattijo yana faɗa, wai ina mai kujeru.

Haba 'yan'uwa! Ubangiji ya san sunan kowane ma'aikaci, mu me ya hana mu? Kafin ku fita yau, ku nemi wadda ta kawo ruwan sha, ku tambayi sunanta, ku gaishe ta da aiki tun tana iya amsawa.