Kwano Falle Biyu

Akwai wani mutum da ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati. Da ya ajiye aiki, sai ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya gina ɗakuna biyar a jere, rufin kwano ɗaya tun daga wannan kai har wancan. Ya zauna a biyu na yamma da iyalinsa, sauran ukun ya ba da haya. Kada ku ce na ce mugu ne, a'a. Ran Lahadi shi ke fara shiga sujada.

A ɗakin ƙarshe na gabas, wanda ke bakin hanya, akwai wani tsohon tela. Matarsa ta rasu, ba shi da kowa sai keken ɗinkinsa. Shekara tara yana nan, ko sau ɗaya ba a taɓa jin kansa da maigidan ba.

Ana nan sai aka zuba wa hanyar kwalta. Wani dillali ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin telan nan ai shago ne, kai ne ba ka sani ba. A fasa masa ƙofa ta waje. Ina da mai sayar da magani, zai ba ka ninki uku."

Maganar ta shiga ran maigida ta zauna daram. Ya ba tsoho wata guda ya tashi. Tsoho ya ce, "Maigida, ban ƙi ba, gidanka ne. Amma ga damina ta kawo kai, ina zan sa kaina? Ka yi mini haƙuri ta wuce."

Maigida ya ji tausayi, ya ji fa. Amma mai magani ba zai jira ba. Dillali ya ce, "In ka kai ƙara, sai ku shekara kuna zarya. Yadda ake yi shi ne, ka cire masa kwano falle biyu. Ruwan farko zai fitar maka da shi, ba faɗa ba zagi."

Aka kira kafinta. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce, "Yallaɓai, rufin nan guda ne fa. Kuma nan gabas ne, ta nan iska ke zuwa."

Maigida ya ce, "Shawara na kira ka ka ba ni? Hau ka cire!"

Ya hau ya cire. Tsoho yana zaune a ciki, rana ta faɗo a kan kekensa. Ya aro tampol, ya buga ƙusoshi a bango ta ciki, ya ɗaure shi ƙasa-ƙasa bisa gadonsa da kekensa.

A rana ta uku da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Iska ta taso, ta iske ƙofa a buɗe a kan ɗakin tela, ta shige ƙarƙashin rufin. Iska kuwa ba ta san ɗakin mai haya da na mai gida ba. Ta ɗaga kwano da katako gaba ɗaya, kamar an buɗe murfin tukunya, ta watsar a bayan gida. Sai ruwa ya kece.

Wayyo! Ga maigida tsaye a tsakar ɗakinsa, sama a buɗe, katifa da hatsi da takardun gidan duk suna shan ruwa. Matarsa ta rungume jaririyarsu tana ihu, ba inda za ta fake. Sauran 'yan haya kowa ta kansa yake yi. A duk gidan nan wuri ɗaya ne ruwa bai taɓa ba.

Sai ga muryar tsoho daga ƙarshen gida: "Maigida! Kawo uwargida da yarinyar nan, akwai wuri!"

Suka shiga ƙarƙashin tampol, su huɗu a gado ɗaya. Tsoho ya cire rigarsa ya lulluɓe jaririyar. Maigida ya kasa haɗa ido da shi, kunya ta rufe shi, ya fashe da kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: rufin nan jinƙan Ubangiji ne, kuma guda ne a kanmu duka. Falle biyun nan su ne ƙaramar muguntar da muke cewa ba komai, ai haka kowa ke yi. Kafinta shi ne muryar da ke yi mana gargaɗi muna yi mata tsawa.

Ku masu gidajen haya da ke cikinmu, ba zunubi ba ne ka nemi riba a guminka, ba zunubi ba ne ka karɓi ɗakinka. Amma ka bi hanya, ka ba mutum lokaci, ka tambayi inda zai kwana. Ni dai abin yana ƙona mini rai in ga mutum ya yi waƙar yabo ran Lahadi, ran Litinin ya yanke wa gwauruwa ruwa da wuta don ta gaji ta fita.

Ka tuna kai ma haya kake yi. Duniyar nan da Mai ita, sau nawa ka saɓa masa, bai cire ko falle ɗaya daga kanka ba. In akwai wanda ka buɗe wa rufi, kada ka jira sai ka ga hadari. Je ka mayar yau.