Dila da Kajin Tasalla

"Ga ta nan, ga ta nanku, amma yau babu dariya."

"Ta zo mu ji ta a haka."

An yi wata mata ana kiranta Tasalla. Uwarta ta rasu ta bar mata kaji uku: Ja, Wake-wake da Baƙa. Tasalla kuwa ko fara ba ta taɓa kiwo ba. Da ƙwan kajin nan take sayen gishiri da daddawa, ba ta da wata hanya.

Da kaka ta kama, sai gashin Ja ya fara zuba. Wuya ya zama tsirara, bindi ya tafi, ƙwai ya tsaya. Tasalla ta buɗe akurki da safe ta tarar da gashi kamar an yi yanka. 

Ashe Dila yana leƙe ta bayan danga. Ya rataya jakar bokaye, ya yi sallama.

Ya ce, "Baiwar Allah, annoba ta shigo miki. Gashi ne farko, sai mutuwa. In ba ki kai kazar nan juji ba kafin la'asar, sauran ma sun tafi."

Ta ce, "Babu magani, Malam?"

Ya ce, "Maganin ke nan, ki raba ta da 'yan'uwanta."

Ta ɗauki Ja. Ja ta ce, "Uwar ɗakina, ba ciwo nake ba, riga nake sauyawa. Ki ba ni dusa da gara, ki bar ni wata biyu."

Dila ya ce, "Duk mai annoba haka take cewa."

Tasalla ta kai ta juji, ta ɗaure ƙafarta don kada ta biyo ta, ta dawo tana kuka.

Kwana bakwai, gashin Wake-wake ya fara zuba. Dila ya dawo, har ya ɗan yi kumatu. Wake-wake ta ce, "Uwar ɗakina, ba ciwo nake ba, riga nake sauyawa. Dubi yadda nake cin tsaba."

Dila ya ce, "Cin bankwana ne."

Aka kai ta juji.

Saura Baƙa. Da nata gashin ya zuba, Tasalla ta ɓoye ta a ɗaki, don ita ce uwarta ta fi so. Ta yi sati uku a ɓoye. Ran nan ta shafa bayanta, sai ta ji wasu abubuwa masu tsini sun tsiro. Tsoro ya kama ta, kuma wa ta nufa? Dila. Da ƙafarta ta je, wawuya.

Dila ya shafa, ya girgiza kai. Ya ce, "Ƙayar ciwon ce ta fito. Yanzu mutum take kamawa."

Baƙa ta ce, "Uwar ɗakina, sabuwar rigar ce. Kwana kaɗan ya rage."

Tasalla ta toshe kunne, ta kai ta juji.

A hanyar dawowa ta bi ta ƙofar Inna Yalwa, tsohuwar da ta shekara arba'in tana kiwon kaji. Sai ga wata kaza tsirara tana tono a gindin rumbu. Tasalla ta ce, "Inna, annoba a gidanki. Ki kai ta juji."

Tsohuwa ta yi dariya. Da ta ga fuskar Tasalla, ta kuma ji labarin kajinta, sai dariyar ta tsaya.

Ta ce, "'Yar nan, naki sun ƙi ci?"

"A'a."

"Sun tsaya a lungu ido a rufe, fiffike a ƙasa?"

"A'a."

"Kashinsu ya yi kore? Wuya ya karkace?"

"A'a, Inna. Gashi ne kawai."

"Kowace shekara haka suke yi. Lafiyayyu kika zubar."

Tasalla ta juya da gudu, zani a hannu. Ta isa juji tana haki, tana kiran Baƙa. Ta tarar da igiya uku da ƙafafu shida. Dila na zaune a kan wani turmi da ya fashe, yana sakace.

Ya ce, "Sannu da zuwa. Allah ya saka miki. Tunda nake, ban taɓa cin kazar da ta fige kanta ba sai a hannunki."

Ta durƙusa ta tsince ƙafafun, ta ƙulle a bakin zani. Babu wanda ta iya zagi, don ita ta ɗaura igiyar.

To yara, in kun ga abin da ba ku sani ba a dabbarku, ku tambayi wanda ya tsufa yana kiwonta, kada ku tambayi mai cinta.

Kurunkus, kan Dila da jakarsa.