Hujin Ƙarshe a Bel Ɗin Baba

Akwai wani makanike da ake kira Zaki, mai garejin gyaran motoci a bakin titi. Ba don jarumta aka sa masa sunan ba. Wata rana ce matarsa ta aiko masa da abincin rana, ya buɗe kwano ya ga wake da kabeji da ganye, sai ya mayar da murfi ya ce, "Ku mayar mata. Kun taɓa ganin zaki yana kiwo?" Aka kwashe da dariya, suna ya bi shi.

Cimar Zaki ba ta canzawa. Da safe farin burodi da naman gwangwani. Da rana sosej, wato niƙaƙƙen naman kanti, da jan nama da aka gasa har ya yi baƙi-baƙi, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Da yamma a maimaita. Ƙanensa Auta, wanda shi ma magidanci ne da iyalinsa, tare suke aiki, kuma a takarda ɗaya suke ci a kan bencin gareji, hannu duk baƙin mai.

Matar Zaki ta yi magana har ta gaji. In ta yanka masa lemo ko gwanda, sai ya ce ta ba yara. In ta ce ko ganye kaɗan ya taɓa, sai ya tambaye ta ko ta ga ƙaho a kansa. Mutum ne mai barkwanci, in yana gardama ko kai da kake da gaskiya sai ka yi dariya.

Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Shi ma ƙato ne mai son nama, ya kwanta ciwo ya yi ta ramewa har ya ƙare. A gidan ana cewa jifa aka yi masa, kuma ba mai son a tayar da maganar. Cikin kayan da ya bari Zaki ya ɗauki wani bel na fata mai kauri, irin wanda ba ya tsufa.

Bel ɗin yana da huji iri biyu. Akwai na kamfani, a jere tsaf. Daga inda suka ƙare kuma akwai wasu da aka huda da hannu, a karkace, suna ƙara shiga ciki. Zaki bai taɓa kula da su ba, don a hujin farko yake ɗaurawa, tumbi ya yi gaba abinsa.

Abin ya fara ne a banɗaki. Yau gudawa, gobe ciki ya ɗaure tamau. Ya fita ya ji kamar bai gama ba. Sai wata safiya ya ga jini.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya ce a ransa basir ne, wa ya rabu da basir? Ya sayi wani magani a kwalba wurin mai talla, yana kurɓa safe da yamma, ya ci gaba da harkarsa.

Ana nan sai wando ya fara yi masa yawa. Ya matsa bel huji ɗaya, bayan ɗan lokaci ya ƙara matsawa. Abokai suka yi ta yaba masa, suna tambaya ko motsa jiki ya fara a ɓoye. Shi kuwa sai ya bugi ciki ya ce tumbin ne ya ga ba wurin zama. Matarsa ce kaɗai ba ta yi dariya ba, don ita ke ganin yadda yake dawowa a gajiye, ya kwanta ko takalmi bai cire ba.

Wata safiya yana shirin fita, hujin kamfani suka ƙare. Ya ja bel ɗin kaɗan, sai ƙarfen ya faɗa cikin hujin hannu na farko, sulub, ba gardama. Fatar ma a wurin ta riga ta lanƙwashe, kamar dama jiransa take yi. Zaki ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba, amma ya yi tsaki ya saki riga a kai.

Ranar hutu da la'asar ya je gaida mahaifiyarsu, Inna. Tana zaune a tsakar gida da kofi a hannu. Da ya yi sallama ta ɗago, kofin ya suɓuce ya faɗi. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta amsa, sannan ta ce da kallon farko ta ɗauka wani ne.

Suna gaisawa ya ja kujera ya zauna. Bai lura ba ashe tsohuwar kujerar mahaifinsa ce, wadda ba mai zama a kai. Bai kuma lura ba ya karkata gefe guda, ya dafe ƙasan cikinsa na hagu da tafin hannu.

"Tashi daga kujerar nan," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Me ya faru, Inna?"

"Na ce ka tashi. Kuma ka sauke hannun nan."

Ya tashi. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta haɗiye, ta shiga tambayarsa yara.

Daga nan hujin hannu suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya karɓi ƙarfen ba musu. Wani lokaci in ya sunkuya gyara madubin mota, fuskar da yake gani ba tasa ba ce. Kumatu sun faɗa, ido ya yi zuru-zuru, sak fuskar mahaifinsa da ya sani a kan gado shekarun baya. Ya daina kallon madubi.

Ranar da hujin ƙarshe ma ya yi masa yawa, da tsakar rana ya tafi wurin wani tsoho mai gyaran takalmi da ke zama a gindin bishiya a kwanar layinsu na da. Ya cire bel ya miƙa, ya riƙe wando da hannu ɗaya, ya ce a ƙara masa huji.

Tsohon ya bi hujin da ɗan yatsa, a hankali, har ya kai na ƙarshe. Sannan ya ɗaga kai ya dube shi.

"Wannan bel ɗin ba baƙona ba ne," ya ce. "Duk waɗannan ni na huda su. Mai shi da ƙafarsa yake zuwa, yana dariya, ya ce in ƙara ɗaya. Na ƙarshen nan matarsa ce ta kawo. Daga shi ban sake ganin bel ɗin ba sai yau."

Zaki ya yi yaƙe ya ce, "To Baba, ƙara ɗaya."

"A'a, ɗana. Kawo takalmi in ɗinke maka kyauta. Wannan kam hannuna ba zai sake taɓa shi ba. Ka je asibiti."

Zaki ya fizge abinsa ya koma gareji yana faɗa. Ya ɗauki ƙusa da guduma, ya shimfiɗa bel a kan benci zai huda da kansa. Ya ɗaga guduma ke nan sai duhu ya rufe masa ido. Auta ne ya tare shi kafin kansa ya bugi ƙasa.

A asibiti aka ƙara masa jini, aka zura na'ura mai kyamara aka duba hanjinsa, aka yi hoto. Da sakamako ya fito likita ta tara su, shi da matarsa da Inna. Ta tambayi abin da yake ci, matar ta lissafa mata, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ta tambaya ko wani a dangi ya taɓa irin wannan ciwo, Zaki ya ce babu, mahaifinsu dai jifa aka yi masa.

"Ba jifa ba ne," in ji Inna. Hawaye ya zubo mata. "Ni nake wanke masa kaya, na ga jinin. Ya ce kar in faɗa wa kowa, abin kunya ne. Na yi shiru, ga shi shiruna ya cinye mini ɗa."

Likita ta ce kansar hanji ce. Ta bayyana musu cewa ba abinci kaɗai ke kawo ta ba, akwai gado, akwai shekaru. Amma yawan cin naman da aka sarrafa da jan nama kullum, tare da ƙaurace wa ganye da wake da 'ya'yan itace, yana ƙara haɗarin, balle ga wanda mahaifinsa ya yi ta. Ta ce da ya zo tun ganin jinin farko, da wataƙila aiki ɗaya ya wadatar. Yanzu ciwon ya kai hanta. Za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba ta yi masa alkawarin warkewa ba.

Bayan an yi masa aiki, yana kwance da ƙarin ruwa a hannu, sai ga Auta ya shigo dubiya. Zaki ya daɗe yana kallonsa, tun daga wuya har ƙugu. Ya sa aka ba su wuri.

"Auta, zan tambaye ka, kar ka yi mini ƙarya. In ka shiga banɗaki, kana ganin wani abu?"

Auta ya kalli ƙasa. Sannan ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Bai daɗe ba, Yaya."

Mutumin da ko zama sai an tallafe shi, ya yunƙura ya sauko da ƙafafu. Ya kama sandar ƙarin ruwa da hannu ɗaya, ya damƙe wuyan hannun ƙanensa da ɗayan. Ma'aikaciyar jinya ta ce ya koma ya kwanta, ko kallonta bai yi ba. Haka ya ja shi, yana tafiya yana hutawa a jikin bango, har ƙofar likita.

An duba Auta, aka samu ɗan ƙaramin tsiro a hanjinsa, aka cire tun bai zama komai ba. Yana nan da ransa, shi ke riƙe da garejin da 'ya'yan yayansa. Zaki kuwa bai ga ƙarshen shekarar ba.

Darasi: Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Mu rage naman gwangwani da sosej da yawan jan nama, mu ba wake da ganye da 'ya'yan itace wuri a kwanonmu. In ka ga jini a bayan gida, ko fitarsa ta canza, ko kana ramewa ba dalili, kar ka yanke wa kanka hukuncin basir ne, je likita ya duba. Iyaye kuma ku faɗa wa 'ya'yanku ciwon da ya ɗauki na gaba, ba abin kunya ba ne. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman wanda kuka san yana jin nauyin faɗa.