Ƙwai Da Almakashi

Akwai wani malamin jami'a a Samaru, wajajen shekarar 2006, ana ce masa Dakta Akinola. Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Aikinsa koyar da rubutu da fasahar magana, wato yadda mutum zai jera zance har ya shawo kan mai sauraro. Ni da na ajiye biro a aji uku na sakandare ban san ana biyan albashi a kan surutu ba, ai da tuni na nema.

Dakta yana da wani jan biro da alamomi biyu kacal ya iya. In bai ji daɗin layi ba, ya zabga masa kuros, ɗalibai suna kiranta almakashi. In takardar gaba ɗaya ta ɓata masa rai, ya zana mata sifiri ƙato, wannan kuma ƙwai suke ce masa.

Yana da wata magana da ba ya gama aji bai faɗe ta ba: "Rubutun da bai kai mai karatu inda za shi ba, ɓarnar tawada ne."

A ƙarƙashinsa akwai wata ƙaramar malama, Sharon Ɗanmaraya, 'yar manomi, tana zaune a Palladan. Tana neman digirin dakta, kuma sai Akinola ya sa hannu a kan batun bincikenta kafin ya wuce gaban kwamiti. Sau biyu tana kawowa, sau biyu tana komawa da ƙwai. Ranar Litinin kwamiti zai yi zamansa na ƙarshe. In ba sa hannu, gurbin karatun ya tafi, aikin ma ƙila ya bi shi.

Ranar Laraba ta shigo ofis da takarda ta uku. Dakta ya karanta kan takardar, ya cire tabarau.

"Gidan gem? Sharon, wasan talabijin za ki kawo mini a matsayin ilimi?"

Ta ce, "Sa, ka ji ni tukuna. Akwai wani shago a Sabon Gari, na wani Chukwunonso. Injinan wasansa 'yan Japan ne, duk rubutun da ke fitowa a allon na Japananci ne. Amma na ga tela, na ga makanike, na ga mahauci, kowa ya zauna cikin minti biyu ya shiga wasan ƙwallo. Wa ya koya musu? Wani kwali ne kawai a bango. Shi nake so in fahimta."

"Kwali," in ji Dakta. "Shekara ashirin ina koyar da rubutu, yau kwali ya zama abokin aikina."

Ya zare murfin jan biro. Sharon ta ga ƙwai na uku yana tahowa, sai ta rufe ido ta yi kasada.

"Sa, kai ka ce rubutun da bai kai mai karatu inda za shi ba ɓarnar tawada ne. Ka rubuta naka bayanin yadda ake shiga wasan. Mu miƙa shi ga wanda bai taɓa riƙe gem ba. In naka ya kai shi fili, na janye batun da kaina."

Dakta ya yi dariya har da buga tebur. Amma kun san malamai, a taɓa musu komai ban da maganarsu. Ya ce Asabar da safe, ya mayar da murfin biro.

Bai je shagon ya leƙa ba. Me zai kai shi? Wani abokinsa ya taɓa sayo wa 'ya'yansa irin injin daga Ingila, sai ya ari ɗan littafin bayaninsa na Turanci. Ya zauna ya fitar da shafi ɗaya da rabi cikin Hausa tsantsa, da gabatarwa, da kammalawa, har da karin magana guda biyu.

Asabar hantsi suka sauka daga bas a Sabon Gari. Shagon ɗan ƙarami ne, talabijin huɗu, benci uku, janareto na kuka a baya. Chukwunonso, wanda kowa ke kira Nonso, ya tarbe su yana goge hannu a wando.

"Oga Dakta, sannu da zuwa. An ce ka zo ka kayar da kwalina."

"Na zo in ga inda ake ɓata wa mutane lokaci," in ji Dakta.

Sai aka shiga neman wanda bai taɓa wasa ba. Duk layin an rasa, sai Mama Dorkas, mai dafaffiyar masara a bakin ƙofa. Shekara uku tana jin ihun "ya ci!" a bayanta, ba ta taɓa waiwayawa ba. Karatun Hausa kuwa ta iya, ita ke karanta nassi a taron mata na cocinsu.

Nonso ya juya kwalinsa ya fuskanci bango. Aka zaunar da Mama, aka ba ta hannun gem, wato abin da ake dannawa, aka miƙa mata takardar Dakta.

Ta fara karantawa da ƙarfi: "Tun fil azal, ɗan Adam yake da sha'awar wasa..." Ta ɗago kai. "Malam, wa'azi ne ko ƙwallo? Masarata na kan wuta fa."

Shago ya ɗauki dariya. Dakta ya ce, "Mama, ki sauka sakin layi na uku."

Ta sauka. An rubuta: in kina so ki amince, ki danna maɓallin da ke da alamar kuros. Mama ta danna. Allo ya koma baya.

Ta sake shiga, ta danna. Ya sake komawa baya.

"Da ƙarfi za ki danna," in ji Dakta.

"Ɗana, da wannan yatsan nake ɓare masara. In na ƙara ƙarfi sai dai ku sayi wani."

Sau bakwai tana dannawa, sau bakwai inji yana maido ta bakin ƙofa. Wani tela a benci ya ce, "Dakta, ko dai injin bai yi jami'a ba ne?" Dakta ya ce lallai abin ya lalace. Ya karɓa ya danna da kansa. Allo ya koma baya, bai ko duba digirinsa ba.

Mama Dorkas ta ƙura wa maɓallin ido, ta ce, "Ni fa tun ɗazu abin ke damuna. Wannan alamar ba ita kuke zabga wa 'ya'yanmu in sun faɗi jarrabawa ba? Yaushe ta koma eh?"

Dakta ya mayar mata da hannun gem ɗin.

Nonso ya juyo da kwalinsa. Layi biyar ne, da baƙin alƙalamin maka:

INJIN NAN ƊAN JAPAN NE.
ƘWAI SHI NE EH. ALMAKASHI SHI NE A'A.
DANNA ƘWAI SAU UKU.
IN KA GA TUTOCI, ZAƁI ƘASARKA, DANNA ƘWAI.
IN KA RUƊE KAR KA JI KUNYA, KIRA NONSO.

Mama ta karanta, ta danna mai da'ira sau uku, ta zaɓi tuta mai kore da fari. Sai ga fili, sai ga alƙalin wasa ya hura usur. Ta yi guɗa, ta kwaɗa ƙwallo cikin ragar gidansu, ta tashi tana rawa. Ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata.

Sharon ta matso a hankali. "Sa, littafin da ka karanta na injin Turawa ne, a wurinsu kuros ke amincewa. A Japan kuwa da'ira ita ce daidai. Ko malaminsu in ɗalibi ya ci, da'ira yake zana masa."

Dakta ya juya ya dubi kwalin. Maimakon ya fita a fusace, sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Nonso, kai wa ya gaya maka? Ka iya Japananci ne?"

"Ina! Sati uku na yi ina danne-danne kamar mahaukaci. Kwalin ma wannan ne na biyar."

"Na biyar? Ina sauran?"

Nonso ya jawo su daga ƙarƙashin tebur, duk ƙura. Na farko layi ashirin ne, ba mai karantawa. A na biyu ya rubuta "da'ira", sai mutane suka yi ta tambaya mece ce da'ira. Ɗaliban Samaru da ke zuwa wasa su suka kawo ƙwai da almakashi, wai daga wani mugun malaminsu suka samo.

Sharon ta sunkuyar da kai. Dakta ya yi tari.

"Layin ƙarshe fa?" ya tambaya.

Nonso ya ce, "Oga, na lura manya in sun ruɗe ba sa tambaya, sai su ce inji ya lalace su tafi. Shi ya sa na ƙara shi."

Tela ya faɗo daga benci don dariya.

Dakta ya jera kwalayen biyar a ƙasa, ya daɗe yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake ta fama ɗalibai su gane ke nan, a rubuta, a kalli inda mai karatu ya yi tuntuɓe, a gyara. Ga shi wani ya yi shi da kwalin indomi, shi kuma da ya zo koyarwa ko shagon bai leƙa ba.

Ya ce, "Sharon, kawo takardarki."

Ta miƙa masa. Ya zare jan biro, ya zana ƙwai ƙato a saman shafin farko. Idonta ya kawo ruwa.

"Sa, ƙwai kuma?"

Dakta ya rattaba hannu a ƙasa, ya nuna mata kwalin bango da bakin biro.

"Karanta layi na biyu."

Ranar Litinin batun ya wuce. An ce daga baya kwalayen nan biyar sun riƙa zuwa aji a jakar Dakta, kuma Mama Dorkas har ta bar layin tana ba da labarin ƙwallon da ta ci wa Najeriya.

Darasi: Kar yawan karatu ya hana ka zuwa ka gani da idonka, kuma kar ka raina abin da ba ka taɓa riƙewa ba. Mai ilimi na gaske shi ne wanda in ya ruɗe ba ya jin kunyar tambaya, ko da mai shago ne zai ba shi amsa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ta danna almakashi yana cewa inji ne ya lalace.