Ajiyar Jatau Bahago

An yi wani mutum a zamanin da, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Maƙeri ne, amma ƙaramin maƙeri. Wuƙaƙen girki, allurai, ɗan gyaran bakin fartanya, iyakarsa ke nan. Wanda ke da suna a ƙira shi ne maƙwabcinsa Jatau, wanda ake kira Bahago saboda da hannun hagu yake dukan ƙarfe. Jatau ya girme shi. Tun Nomau yana saurayi shi ke yi masa zuga, Yaya yake ce masa, kuma duk abin da ya iya a hannunsa ya koya.

Jatau ya gaji kayan ƙira wurin ubansa, ubansa ya gada wurin kakansa, shi ma ya ƙara nasa a kai. Akwai uwar maƙera wadda mutum ɗaya ba ya ko gusar da ita. Akwai masaɓai, wato gudumomin ƙira, daga wadda sai ƙato ya sa hannu biyu har wadda ake gyara bakin aska da ita. Akwai awartakai na kama ƙarfe mai zafi, kowane da irin bakinsa, da kurfi na yanka, da madoshi na huda, da magagarai na goga. Kaya ne masu yawa, masu nauyi.

Wata shekara niyyar Makka ta shiga zuciyar Jatau. A wancan lokacin, da ƙafa ake tafiya, kuma wanda ya tafi ba a tambayarsa ranar dawowa. Ya mai da matarsa gidan iyayenta tare da 'yarsu Tabawa, wadda ko yaye ba a yi ba. Kayan ƙira kuwa ya sa aka kwashe daga rumfar maƙerarsa, domin ya san rumfar kara ba ta jiran mai ita, aka zube su a gidan Nomau. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka ajiye mini. In na dawo zan tarar."

Maganar ke nan. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Da farko Nomau ya tara su a lungun ɗaki ya rufe da buzu. Damina ta zo ta wuce. Da ya ɗaga buzun sai ya ga tsatsa ta yi ja a jikin awartakai, gara ta shiga ƙotar masaɓa guda ta cinye cikinta. Ya zauna ya yi tagumi. Ya ce a ransa, ashe ajiya ba rufewa ba ce, aiki ce.

Ɗakin soro ɗaya gare shi a gidan. Ya roƙi matarsa Kande suka koma ɗakin kara, ya bar wa ƙarfe soron. Ya gina dakali ya ɗaga kayan daga ƙasa. Ya saro kututturen ƙirya, itacen da gara ba ta so, ya kira maƙwabta suka ɗora uwar maƙera a kai. Ya kafa turaku a bango, masu nauyi a ƙasa kusa da gwiwa, marasa nauyi a sama. Awartakai ya rataye su daga babba zuwa ƙarami. Masaɓai ya jera su kai a ƙasa, ƙota a sama. Magagarai kuwa kowane ya naɗe shi a fatarsa shi kaɗai, don kada su ci haƙoran juna. Ya zuba toka a gindin bango. Kowane ƙarfe ya kankare shi ya shafe shi da man kaɗanya.

Sai kuma ya yi wani abu da maƙeri kaɗai zai gane. Ku saurara. Maƙeri ba ya neman kaya da ido. In ƙarfe ya fito daga wuta ba ya jiran kowa, hannu ne ke tafiya da kansa inda ya saba. Saboda haka kowane maƙeri na da jerinsa: masaɓa a gefen hannun duka, awartaki a gefen hannun riƙo. Nomau ya jera ɗakin nan jerin bahago, masaɓai a hagu, awartakai a dama, daidai yadda suke a maƙerar Jatau. Nufinsa, ranar da Yaya ya dawo ya sha ruwa, ya shiga ya zauna, hannunsa ya tarar da komai inda ya bari.

Kande ta riƙa yi masa ba'a. In ta ga ya ɗauki ƙoƙon mai ya nufi soro sai ta ce, "Malam, a gaida surukanka. Ka ce mai ɗakin kara na yi musu barka da hutawa." Shi dai sai ya yi murmushi ya wuce.

Shekaru suka riƙa tafiya. Duk ayarin da ya sauka daga gabas, Nomau na cikin masu tarye, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wani dogon maƙeri bahago. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a ƙasar Wadai yana ƙira don neman guzuri. Wani ya ce a bakin teku ya bar shi yana jiran jirgi. Wani ya ce ya ji an ce ya yi aure a hanya. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa. Nomau ya kan dawo gida ya shiga soro ya daɗe, yana goge abin da ya riga ya goge.

Wata bazara, ana gab da shuka, manoma sun cika ƙofarsa da fartanyu, sai masaɓarsa guda tilo ta tsage. Abokan sana'a suka ce masa ai ga masaɓai can jere a ɗakinka kamar amare, ɗauki ɗaya, Jatau ba zai hana ka ba. Ya ce ya sani ba zai hana ba, amma ajiye aka ce masa, ba a ce yi aiki ba. Ya tura manoman wurin wasu maƙera, ya rasa cinikin shekarar, suka ci tuwon da ba miyar kirki shi da iyalinsa har ya ƙera wata. Garin ya ɗauka. In ana maganar amana sai a ce kamar Nomau.

To, jama'a, da nan labarin ya tsaya da ban dame ku da shi ba, kun ji irinsa da yawa. Na daɗe ina juya shi a raina saboda abin da ya biyo baya. Wannan ba ita ce jarrabawar ba.

Tabawa ta girma. Uwarta ta rasu. Ta auri wani maƙeri mai suna Shekarau a wata unguwa, mutumin kirki mai hannu, amma bai gaji komai ba, da uwar maƙerar aro yake aiki. Aka wayi gari mai ita ya karɓe abarsa. Gida ya cika da 'ya'ya, wuta ta mutu a maƙera. Dangi suka je gaban alƙali kan maganar Jatau. Alƙali ya bincika, ya ga shekarunsa sun kai inda shari'a ke ɗaukar wanda ya ɓace a matsayin mamaci, ya ce a raba gado. Sauran dangi suka yafe wa Tabawa rabonsu na kayan ƙira, tunda ba mai ƙira a cikinsu.

Tabawa ta zo gidan Nomau, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya ce ya ji, amma a bari damina ta wuce, ba a ɗaukar ƙarfe cikin ruwa. Damina ta wuce, ta dawo. Ya ce akwai ƙotoci da yake so ya sake. Ta sake dawowa. Ya ce jakunan da zai ara sun tafi fatauci. Ko ɗaya daga cikin dalilan nan ba ƙarya ba ne, kuma ko ɗaya ba shi ne dalilin ba. Wanda duk ya matsa masa da magana, amsarsa ɗaya ce: wa ya ga kabarinsa?

Ba wanda ya iya zarginsa. Mutumin da ya kwana da yunwa bai taɓa masaɓa ba, wa zai ce kwaɗayi ne? Shi kansa bai ga laifinsa ba. Gani yake har yanzu amana yake tsarewa.

Kande ce ta fara taɓa wurin. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, kayan Jatau kake ajiya, ko Jatau ɗin?" Ya tashi ya fita.

Da Tabawa ta sake zuwa, ba ta yi maganar kaya ba. Ta roƙe shi ya bar ta ta leƙa ɗakin, ba ta taɓa gani ba. Ya buɗe mata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango, ƙarafa jere suna sheƙi, ɗakin na ƙamshin mai da toka. Ta tambaye shi wanne babanta ya fi riƙewa. Ya nuna mata wata masaɓa wadda ƙotarta ta lotsa a inda babban yatsan hagu ke zama. Ta sa yatsanta a wurin. Ta daɗe a haka.

Sannan ta ce, "Baba, ni ma jiransa nake yi, tun ban san mene ne jira ba. Kai ka san fuskarsa, ka san muryarsa, ga kuma ɗaki guda cike da shi. Ni ko allurarsa ba ni da ita."

Ta yi masa sallama ta tafi.

Nomau ya zauna a kan dakali. Nan ya ga abin da ya ƙi gani. Muddin masaɓan nan na jere a hagu, Yaya na hanya. Ranar da aka kwashe su, ranar Yaya ya mutu. Ba ƙarfen yake riƙewa ba, ranar nan yake turewa gaba. Kuma yana ture ta ne da yunwar 'ya'yan Tabawa.

Washegari da kansa ya nemo jakuna. Uwar maƙera aka ɗaure ta a sanduna, ƙarti suka saɓa. Shi ya cire kowane awartaki daga turkensa, bai yarda wani ya taya shi ba. Ya bi kayan har maƙerar Shekarau, ya ce shi zai jera.

Ya jera. Da ya gama, Shekarau ya hura wuta don a sa albarka. Ya zaro ƙarfe ja, ya miƙa hannun dama, babu masaɓa. Ya waiwaya, ya ƙetara da hannu ta kan ƙarfen zuwa hagu, zafi ya lashi damtsensa, kafin ya ɗago masaɓar, ƙarfen ya huce. Bai ce komai ba saboda kunyar dattijo. Ya mai da shi wuta, ya sake, aka sake yin haka.

Nomau na zaune yana kallo. Ashe hannunsa jerin bahago ya yi, bai sani ba. Ya ce, "Dakata, ɗana." Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki masaɓan ɗaya bayan ɗaya, babba da ƙarama, ya mai da su dama. Awartakai ya mai da su hagu. Waɗanda ke wurin sun ce hawaye na bin gemunsa, yana aikin bai tsaya sharewa ba. Ba a taɓa yi wa Jatau zaman makoki ba. Wannan shi ne makokinsa.

Ya kama hanyar gida. Bai yi nisa ba sai ya ji ƙara a bayansa, masaɓa a kan uwar maƙera. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Kowace uwar maƙera da muryarta, kuma wannan muryar a cikinta ya girma. Rabonsa da jin ta tun ranar da Jatau ya tafi. Duk shekarun nan tana cikin gidansa, ya raba ta da tsatsa, ya raba ta da gara, amma bai taɓa jin ta ba sai da ta bar hannunsa. An ce daga ranar, in ya idar da sallar la'asar, yakan je ya zauna a gindin wata bishiya kusa da maƙerar Shekarau. Ba ya shiga. Saurare kawai yake yi.

'Yan'uwa, amana rabi biyu ce: riƙewa da mayarwa. Mu rabin farko muke yabo, domin shi ake gani. Amma Ubangiji da Ya yi mana umarni a kanta, mayar da ita ga masu ita Ya ambata. Kuma ba kwaɗayi kaɗai ke hana mayarwa ba. Ƙauna ma tana hanawa, kewa ma tana hanawa, kuma su sun fi wuyar ganewa, domin da rigar kirki suke zuwa. Har yau ban iya ce muku Nomau ya yi zunubi a watannin nan da ya ja ba. Allah ne Ya san wannan. Abin da na sani, da ya mutu a cikinsu, da mutane sun binne shi suna yabo, alhali wani gida na kwana da yunwa a dalilinsa.

Kowa ya duba soronsa. Akwai mai riƙe da gonar ɗan'uwansa da ya rasu, ya kula da ita fiye da tasa, marayu sun yi gemu, shi kuwa kullum sai kaka ta wuce. Akwai mai riƙe da shugabancin da aka ba shi na ɗan lokaci. Akwai uban da ɗansa ya isa mutum, amma har yau jerin hannun uban ake bi a shagon, ɗan na ƙonewa yana shiru saboda kunya. Ba ku saci komai ba, na sani. Amma mai abu yana bakin ƙofa a durƙushe. Ku buɗe masa tun kuna da ƙarfin ɗauka da hannunku, kafin a zo a kwashe kuna kwance.

Allah Ya ba mu ikon riƙewa, Ya ba mu zuciyar saki.