Mayafin Matar Kamdi

Ku gyara zama, in na gama kowa ya faɗi nasa.

Malaman gona ne su uku, Haladu da Sammani da Tanimu, aka tura su ƙasar Lawos su koyo noman shinkafa. Da suka sami hutu sai suka hau wani lardi can arewa, inda duwatsu ke huda gajimare, gonaki kuma suna hawa jikin tsauni kamar matakala. Sun ji labarin wani ruwa mai zubowa daga ƙwanƙolin dutse, suka ce sai sun gan shi. Aka haɗa su da Kamdi, wani dattijo ɗan ƙauyen mai ɗan jin Turanci, ya yi musu jagora.

Da safe Kamdi ya dubi sama ya ce, "An yi ruwa a kan tsauni, hanya da santsi. Mu bari sai gobe."

Haladu ya yi dariya ya ce, "Baba, in tsoro kake ji ka faɗa, mu nemi wani." Tsohon ya ɗauki addarsa ya shige gaba.

Ya ba Sammani igiya ya riƙe, amma da suka kai rabin hawa ta yi masa nauyi. Sammani ya faki ido ya tura ta cikin kurmin gora a bakin hanya, bai gaya wa kowa ba.

Suka iso. Ruwa fari fat yana faɗawa cikin kwazazzabo, feshinsa na jiƙa fuska, ƙararsa ta hana a ji magana. An yi shinge a baki, amma Tanimu ya tsallaka don ya ɗauki hoto. Ƙafarsa ta zame. Kamdi ya yi wuf ya fizgo shi, amma shi tsohon ya tafi ƙasa. Suka leƙa suka hango shi kwance a kan wani dutse, ƙafa ta karye, ruwa na neman rufe masa fuska. Aka ce ina igiya, Sammani ya sunkuyar da kai.

Sammanin ne kuma ya cire takalmi ya bi saiwoyin itace ya sauka, tafin hannunsa duk ya sale. Ya tallafe kan tsohon a cinyarsa cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, ya fi awa biyu bai motsa ba.

Haladu ya juya da gudu zuwa ƙauye. Ya faɗi ya fi sau biyar, bai san kalma ɗaya ta yarensu ba, sai da ya durƙusa ya zana dutse da mutum a ƙasa kafin suka gane. Maza takwas suka biyo shi da igiyoyi.

Da aka fito da Kamdi jini na zuba, asibiti kuma tafiyar yini ce. Tanimu ɗan maɗori ne, ya taso yana riƙe wa babansa. Ya yage rigarsa ya ɗaure jinin, ya tsaga gora ya ɗora ƙafar. Likita daga baya ya ce ba don haka ba, da gawa za a kawo masa.

Ranar da aka sallamo tsohon, gari ya taru. Matarsa ta fito da mayafin da ta yi shekara tana saƙawa da hannunta. Malamin makarantar ƙauyen ya fassara: "Ta ce ba ta da abin da ya fi wannan. Wanda ya ceci mijinta a cikinku ya matso ta yafa masa."

Mutanen gari ba su san yadda aka yi ba. Kamdi ya sani sarai, har zancen igiyar, amma bai tona musu asiri ba, yana kishingiɗe yana kallonsu. Haladu ya ja da baya. Sammani ya ɓoye hannuwansa a aljihu. Tanimu ya raɗa musu, "Wallahi na gwammace ta tofa mini yawu."

Matar dai tana tsaye, hannunta a miƙe da mayafin, kuma ƙin karɓa cin fuska ne a gaban danginta.

To, ku gaya mini: wane ne a cikinsu zai iya ɗaga kai ya karɓi mayafin nan?